Darasin Ƙungiya: Tsohon Makiyayi Tsakanin Doki da Mota

Ga shugaban taro: A karanta wannan darasi da ƙarfi, sashe sashe. A dakata a ƙarshen kowane sashe domin mai tambaya ya yi tambayarsa. Idan lokaci ya ƙure, a raba shi taro biyu. Tambayoyin tattaunawa suna ƙarshe. A bar dattawa su fara amsawa, gama maganar tasu ce.

Manufar darasi

'Yan'uwa manoma da masu kiwo, darasinmu na wannan wata zai kai mu nesa, zuwa yammacin ƙasar Amurka, inda aka saba kiwon shanu a kan doki. Masu garke da yawa a can sun manyanta. Wasunsu sun rataye sirdi, sun koma bin shanunsu da wata 'yar ƙaramar mota. Za mu ga dalilin da ya sa suka yi haka, da abin da suka samu, da abin da suka rasa. Abin da muke so kowa ya koma gida da shi ke nan: mota takan ɗauke wa tsoho wahalar tafiya da ta kaya, har ya ƙara shekaru cikin sana'arsa, amma sanin shanu yana nan a kansa, kuma motar tana zuwa da nata haɗari da nata kuɗi.

1. Yadda ake kiwo a can

A jihohi kamar Teksas da Nebraska da Montana da Wayomin, ba a yawo da shanu daga gari zuwa gari. Kowane mai garke yana da filinsa, ko kuwa yana hayar filin gwamnati. An kewaye filin da waya mai ƙaya, an yanka shi gida gida. Shanu sukan kwana a daji su kaɗai, ba mai tsaronsu. Ruwan sama kaɗan ne a wurare da yawa, har saniya ɗaya da ɗanta sukan bukaci eka 40 ko fiye kafin su ƙoshi shekara guda. Ku lissafa: mai shanu 200 a irin wannan wuri yana bukatar eka 8,000. Ba mai iya zaga wannan da ƙafa. Dalilin doki ke nan.

Daga 1867 makiyaya suka riƙa koro shanu dubbai daga Teksas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilin a jihar Kansas, tafiyar wata biyu ko fiye a kan sirdi. A 1874 wani manomi mai suna Joseph Glidden ya sami takardar mallakar irin wayarsa mai ƙaya. Da waya ta yaɗu, dogon koro ya mutu, amma doki bai mutu ba. Aka ci gaba da duba shinge da shi, da tattara garke, da ware maras lafiya, da kama maraƙi da igiyar zarge.

A gonakin shuka kuwa, tarakta ta kori doki tun da wuri. Wajen 1920 dawaki da alfadarai a gonakin Amurka sun kai kamar miliyan 25. Zuwa 1960 saura kamar miliyan 3. A wurin kiwon shanu kuwa doki ya riƙe aikinsa, domin tarakta ba ta iya bin saniya cikin duwatsu.

2. Abin da shekaru suke yi wa mahayi

Gwamnatin Amurka takan ƙidaya manoma kowace shekara biyar. Ƙidayar 2017 ta nuna matsakaicin shekarun manomi 57.5 ne. Ta 2022 ta nuna 58.1. Watau manoman suna ƙara tsufa, 'ya'yansu da yawa kuwa sun tafi birni. Sau da yawa tsoho da matarsa ne kaɗai suka rage da garken.

To, mu duba abin da hawan doki yake bukata daga jikin mutum. Da asuba sai a kamo dokin, a goge shi, a ɗaga sirdi a aza masa. Sirdin makiyayan can yakan kai kilo 15 zuwa 20. Sai a ja majayi, a sa linzami. Sa'an nan mutum ya ɗaga ƙafar hagu zuwa likkafa, ya cira dukan jikinsa bisa gwiwa ɗaya. Dokin kiwo yakan kai mita ɗaya da rabi a doro. Kowace ƙofar shinge da ba ta buɗuwa daga kan sirdi, sai an sauka, a buɗe, a wuce, a rufe, a sake hawa. Saurayi ba ya ƙidaya wannan. Mai shekara 70 da ciwon gwiwa ko na ƙugu kuwa, kowane hawa yana ji a jikinsa.

Babban abin tsoro shi ne faɗuwa. Doki mai rai ne. Ko wanda ya fi kowane hankali yakan firgita da maciji, ko ƙafarsa ta faɗa rami, ko ya yi tutsu da sanyin safiya. Yaro ya faɗi ya kakkaɓe ƙura ya tashi. Ƙashin tsoho ya yi gautsi. Idan ƙugu ya karye, jinya takan ɗauki watanni, wasu ma ba sa komawa aiki har abada. Kuma mutumin yana shi kaɗai, mil da yawa daga gida, watakila inda waya ba ta kamawa.

Ku lura, sauka daga doki ba ƙaramin abu ba ne ga irin waɗannan mutane. A kan doki aka san su, a kan doki ubanninsu suka mutu. Wani yakan ga kamar ranar da ya bar sirdi, ranar ya daina zama makiyayi. Saboda haka wasu sukan yi ta jinkiri har sai tsautsayi ya yanke musu shawara. Mai hikima shi ne wanda ya yanke shawarar da kansa tun yana da lafiya.

3. Yadda motar ta shigo

Abin ya zo mataki mataki. A 1970 kamfanin Honda na Japan ya kawo babur mai ƙafa uku, mai tayoyi masu faɗi, wanda yake bin yashi da laka. Manoma suka karɓe shi, amma yana da saurin kifewa. Mutane da yawa suka mutu, har da yara. A 1988 kamfanonin suka amince da gwamnatin Amurka su daina sayar da sababbinsa.

Kafin nan, a 1982, kamfanin Suzuki ya fito da babur mai ƙafa huɗu. Ana hawansa kamar doki, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ana riƙe ƙaho kamar na babur. Ya yi amfani ƙwarai, har yanzu ana aiki da shi.

A 1988 kamfanin Kawasaki ya fito da wani abu dabam, ya sa masa suna Mule, watau alfadari. John Deere ya biyo da Gator a 1992, Polaris kuma da Ranger a 1998. Wannan iri shi ne abin da za mu kira 'yar motar kiwo. Ga kamanninta: ƙafa huɗu, dukansu suna iya ja. Tana da sitiyari da burki da totur kamar mota. Mutum biyu ko uku sukan zauna kafaɗa da kafaɗa. Akwai ƙarafa masu ƙarfi da suka kewaye mazaunin, da bel na ɗaure jiki. A baya akwai bodi mai juye kaya. Manyansu sukan ɗauki kilo 450 a bodi. Ta fi motar a-kori-kura ƙanƙanta da rashin nauyi, saboda haka tana shiga inda waccan ba ta shiga.

Ku bambanta waɗannan biyu da kyau. Babur mai ƙafa huɗu yana bukatar mahayi ya riƙa karkata jikinsa a kwana da gangare, watau yana neman ƙarfi da zafin nama, abubuwan da tsufa yake ragewa. 'Yar motar kuwa zama kawai ake yi a cikinta. Domin haka ita ce dattawa suka fi komawa gare ta.

4. Aikin da take yi wa tsoho

Na fari, shiga da fita. Mazauninta bai fi tsayin kujera ba sosai. Mutum yakan zura ƙafa ya zauna. Ba ɗaukar sirdi, ba kamun doki. A murɗa mabuɗi a tafi.

Na biyu, kaya. Yawancin aikin makiyayi na kullum ba koron shanu ba ne. Duba ruwa ne, da kai gishiri, da gyaran shinge. Dunƙulen gishirin lasa yakan kai kilo 23. Naɗin waya mai ƙaya na mita 400 ya fi kilo 30. Ga turaku, ga guduma, ga akwatin magani. Doki ba ya ɗaukar wannan duka tare da mahayi. Motar tana ɗauka tafiya ɗaya.

Na uku, lokaci. Doki yana tafiya kamar kilomita 6 a sa'a idan takawa yake yi. Zagayen kwamayen ruwa da yakan cinye yini a kan doki, da mota sai a gama shi kafin rana ta yi zafi. Idan famfon rijiya ya lalace a tsakiyar bazara, sa'o'i kaɗan ne tsakanin garke mai lafiya da hasara.

Na huɗu, lokacin haihuwa. A jihohin arewa shanu da yawa sukan haihu a ƙarshen hunturu, cikin dusar ƙanƙara. Sai an duba su dare da rana. Motar tana da fitila, wasu suna da rufi da gilashi da abin ɗumama ciki. Maraƙin da sanyi ya kama, mai nauyin kilo 35 ko 40, sai a sa shi a bodi a kai shi ɗaki, uwar tana biye. Har wa yau, saniya mai sabon ɗa takan yi faɗa sa'ad da aka zo sa wa ɗan alamar kunne. Akwai wani keji na ƙarfe da ake maƙala wa gefen motar. A kife shi a kan maraƙin, mutum ya shiga ciki ya yi aikinsa, uwar tana waje tana gani, ba ta iya kai masa ƙaho. Wannan kaɗai ya ceci haƙarƙarin tsofaffi da yawa.

Na biyar, abokin tafiya. Tsohuwa takan zauna kusa da mijinta, ko jika ya riƙa sauka yana buɗe ƙofofi. A hanya tsoho yana nuna masa wace saniya ce ta kusa haihuwa, wace ciyawa ce take kashe dabba. Ta haka ilmi yake wucewa daga kaka zuwa jika.

Tun 1991 akwai wani shiri a Amurka mai suna AgrAbility, wanda ma'aikatar gona ta ƙasar take tallafa wa. Aikinsa shi ne taimakon manoman da suka naƙasa ko ciwo ya raunana su, su sami dabarar ci gaba da aiki. Irin wannan mota tana cikin abubuwan da akan ba su shawara a kai.

5. Shanu ba su san mota ba, sai an koya musu

Nan ne da yawa suka yi kuskure. Injin yana da gudu, sai mutum ya ga kamar shanu ma su yi gudu. Saniya kuwa tafiyarta ta hankali ba ta wuce kilomita 3 zuwa 4 a sa'a. Idan aka kore ta da ƙara da hon, sai ta firgita, ta rabu da ɗanta, ta fasa shinge. Dabbar da ake firgitawa kullum ba ta yin ƙiba yadda ya kamata. Hasarar tana fitowa ranar awo a kasuwa.

Mutum biyu sun yi suna wajen koyar da wannan a Amurka. Ɗaya shi ne Bud Williams, makiyayi, wanda ya rasu a 2012. Ɗayar ita ce Temple Grandin, malama a Jami'ar Jihar Kolorado. Ga taƙaitaccen abin da suka koyar.

Kowace dabba tana da wani fili kewaye da ita wanda ba ta so a shiga. Ka shiga bakinsa, sai ta matsa. Ka ja da baya, sai ta tsaya. Gwaninta ita ce ka matsa kaɗan, da ta motsa ka sassauta. Sassautawar ita ce ladanta, da ita take koyo.

Kafaɗar saniya ita ce ma'auni. Ka tsaya bayan kafaɗa, ta yi gaba. Ka tsaya gaban kafaɗa, ta tsaya ko ta juya.

Saniya tana gani kusan kowane gefe, sai dai daidai bayanta. Wanda ya bi ta ta nan, sai ta juyo domin ta gan shi, tafiya ta lalace. Saboda haka mai koro ba ya miƙewa a bayan garke. Yakan riƙa kai da komowa a gicciye, daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali.

Dukan wannan ana iya yi da mota, muddin an sa ƙaramar giya, an bar hon. Wasu ma sun bar koro, sun koma kira. Sukan zuba dunƙulen abinci a bodi, irin wanda asalinsa da ƙuli-ƙulin angurya ake yi. Shanu suka saba da ƙarar injin da zuwan abinci, sai su riƙa bin motar da kansu daga wannan fili zuwa wancan. Amma a kula: garken da ya saba da mota kaɗai yakan firgita ranar da ya ga mutum a ƙasa ko a kan doki. Ya kamata mai shanu ya riƙa sauka yana takawa a cikinsu.

Mu da muke kusa da Fulani mun san gaskiyar wannan. Yaro ɗan shekara 12 da sanda ɗaya yakan wuce gaba, shanu 50 suna binsa, domin sun san muryarsa. Abin da malaman can suke koyarwa a aji, shi ne abin da ake gado a ruga.

6. Inda doki ya fi mota

Kada wani ya ce doki ya gama aiki. A manyan wuraren kiwo har yau ana hawa, saboda dalilai masu ƙarfi.

Doki yana hawan dutse, yana ratsa kurmi da kwazazzabo da rafi, inda taya ba ta zuwa. A wasu filayen gwamnati ma doka ta hana shiga da inji, tun dokar kare daji ta 1964.

Idon mahayi yana sama da mita 2 daga ƙasa. Yana hango bayan garke da saniyar da ta kwanta cikin dogayen ciyayi. Mai mota yana ƙasa, kuma rabin hankalinsa yana kan hanya. Doki kuwa shi yake duba hanya, mahayi yana duba shanu.

Doki ba shi da ƙara. Mahayi yakan ji kukan maraƙin da ya ɓata, ko tarin dabba mai ciwon huhu. Injin yakan rufe wannan.

Wajen ware saniya ɗaya daga garke, ƙwararren doki yana juyawa nan take, yana karanta niyyar saniya tun ba ta motsa ba. Tsohon doki mai sane, in ji Hausawa. Mota ba ta koyon kome, ko ta shekara goma cikin shanu. Kuma idan ana so a kama bijimi a yi masa allura a tsakiyar daji, igiya da doki ne aikin.

Saboda haka iyalai da yawa sun raba aiki. Kullum tsoho yana zagaye da mota. Sau biyu ko uku a shekara, lokacin tattara garke da sa alama da yaye, sai maƙwabta da samari su zo da dawakansu a yi gayya. Tsoho yana bakin ƙofa, yana ƙirga, yana faɗin wadda za a sayar da wadda za a bari. Ƙafafun na samari ne, shawarar tasa ce.

7. Haɗarin motar

Wanda ya gudu daga faɗuwar doki, kada ya ɗauka ya tsira. A ƙasar Ostireliya, inda ake irin wannan kiwo, babur mai ƙafa huɗu ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da suke kashe mutane a gona, kuma da yawa daga cikin mamatan dattawa ne. Yakan kife ya danne mahayi. Nauyinsa yakan kai kilo 300, mutum ba ya iya ɗaga shi daga ƙirjinsa, sai numfashi ya ƙare. Domin haka daga watan Oktoba na 2021 dokar ƙasar ta ce kowane sabon babur na aiki irin wannan sai an sa masa ƙarfen kariya a baya, wanda zai bar wa mutum sarari idan ya kife.

'Yar motar ta fi shi tsaro, amma da sharaɗi. Ƙarafan da suka kewaye ta suna tsare wanda yake ciki ne kawai. Wanda bai ɗaura bel ba yakan faɗo waje, sai ƙarfen da aka yi domin cetonsa ya danne shi. Makiyayi kuwa, saboda yawan sauka buɗe ƙofa, shi ne ya fi kowa ƙyuyar ɗaura bel. Ga dokokin da masu hankali suke bi:

A ɗaura bel kowace tafiya, kome gajartarta. Hannu da ƙafa su zauna a ciki.

A hau tudu a miƙe, a sauko a miƙe. Kada a gicciya gangare.

Kada a bi saniyar da ta ɓalle da gudu. Ido yana kanta, taya ta faɗa rami. A bar ta, za ta komo wurin 'yan'uwanta.

Kada kaya su wuce awon da kamfani ya rubuta. A ɗaure su, masu nauyi a ƙasa. Tankin ruwa ko na feshi wanda bai cika ba yakan yi tangaɗi ya kifar da mota.

Kada a ɗauki mutum a bodi. Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba mabuɗi.

A share busasshiyar ciyawar da take taruwa kusa da salansa. Zafinta yakan ta da gobarar daji.

A gaya wa na gida inda za a je da lokacin komowa. A tafi da ruwan sha. Doki yakan komo gida shi kaɗai, mutane su gane akwai matsala. Mota kuwa tana nan inda ta tsaya.

Abu na ƙarshe mai wuyar faɗi: mota ba ta mayar wa tsoho idonsa ko saurin hannunsa. Kamar yadda ranar barin sirdi ta zo, ranar miƙa mabuɗi ma za ta zo. Gara iyali su yi maganar tun da sauran lokaci.

8. Lissafin kuɗi

Doki mai kilo 500 yana cin kamar kilo 10 na busasshiyar ciyawa kowace rana, watau kilo 3,650 a shekara, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Ana gyara masa kofato kowane mako 6 zuwa 8. Ga magani da allura. Mahayi ɗaya a babban fili yana bukatar dawaki da dama domin su riƙa hutawa. Dawaki uku sukan ci ciyawar da za ta riƙe shanu kusan huɗu. Kuma kafin ɗan doki ya zama gwani, sai an yi shekaru ana horonsa, horon kuwa aikin mai ƙarfi ne.

Mota ba ta ci sai ta yi tafiya. Amma kuɗin sayenta da yawa. A shekarun 2020 sabuwa takan kama daga wajen dala 10,000 zuwa sama da dala 25,000. Ga mai, ga taya, ga batir, ga ladan makaniki. Kowace shekara darajarta tana raguwa. Goɗiya takan haifi magajinta. Mota ba ta haihuwa. Ciyawa daga gonarka take fitowa, fetur kuwa sai da tsabar kuɗi.

Ga hanya mai sauƙi ta auna kowane inji. Idan kuɗinsa ya kai na bijimai biyar, kuma zai yi aiki shekara biyar, to, yana cin bijimi ɗaya kowace shekara tun ba a zuba masa mai ba. Sai mutum ya tambayi kansa: aikin da zai yi mini ya kai bijimi guda a shekara? Ga tsohon da in ba motar ba sai ya sayar da garken duka ko ya ɗauki ɗan ƙodago, amsar takan zama i. Ga saurayi mai lafiya da ƙaramin fili, sau da yawa a'a ce.

9. Abin da ya shafe mu

A wurinmu da ƙafa ake kiwo, doki kuwa na sarauta ne da hawan salla. Ba muna cewa kowa ya nemi irin motar Amurka ba. Kuɗinta da kayan gyaranta sun fi ƙarfinmu, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma tsufa ɗaya ne ko'ina. A kowace ƙungiya akwai dattijon da ya fi kowa sanin turkar sa, ya san dabba maras lafiya tun daga yadda take tsayawa, amma yanzu ya kasa ɗauko harawa a ka, ya kasa jan guga, ya kasa takawa zuwa kasuwar shanu. Sau da yawa sai ya sayar da dabbobin ya zauna. Ƙungiya ta yi hasarar malami, shi kuma ya yi hasarar abin hannunsa.

Darasin makiyayan can shi ne a raba aiki kashi biyu: na ƙafa da baya, da na ido da kai. Na farkon ana iya ɗora wa jaki, ko baro, ko amalanke, ko babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ko samarin ƙungiya. Na biyun ba mai yinsa sai wanda ya sani. Abin da mutum ɗaya ba ya iya saye, mutum ashirin suna iyawa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ƙungiyar da za ta sayi abin hawa ta fara shirya abu huɗu: mutum ɗaya mai kula da shi, littafin rubuta kowace tafiya, asusun gyara da ake zuba wa kuɗi daga kowane aiki, da tabbacin akwai makaniki da kayan gyara a kusa. In babu waɗannan, amalanken shanu ya fi, gama maƙerin gari yana iya gyara shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka ne motar ta sauƙaƙa wa tsohon makiyayi? Waɗanne ne har yanzu sai doki?

2. Me ya sa wasu dattawa suke jinkirin barin aikin da ya fi ƙarfinsu? Yaya 'ya'ya za su yi musu magana ba tare da sun ƙasƙantar da su ba?

3. Abin da aka faɗa game da kafaɗar saniya da bayanta, ya yi daidai da abin da kuka gani a shanunku na noma?

4. Ku ɗauki inji ɗaya da wani a garinku ya saya. Ku auna kuɗinsa da bijimai ko buhunan hatsi. Nawa yake ci a shekara?

5. Waɗanne dokokin tsaro na sashe na 7 ne suka shafi masu babur a cikinmu?

Aikin da za a yi kafin taro mai zuwa

Magatakarda ya rubuta sunayen 'yan ƙungiya maza da mata da suka wuce shekara 60 kuma suna da dabbobi. Mutum biyu su ziyarci kowannensu, su tambaye shi aiki ɗaya da ya fi ba shi wuya a mako. A kawo amsoshin taro mai zuwa, a duba wanda ƙungiya za ta iya ɗauke musu kafin rani ya yi tsanani.